Tarihin Bokiyas, Ƙaramin Gari A Bakin Iyakar Meksiko Da Amurka

A can nahiyar Amurka ta Arewa akwai wani ƙaramin gari da ake kira Bokiyas. Yana cikin ƙasar Meksiko, a jihar Kowawila, daf da bakin wani kogi. Wanda ya tsaya a bakin kogin, in yana da ƙarfin hannu, zai iya jefa dutse ya faɗa cikin ƙasar Amurka. Mutanen garin ba su wuce 200 zuwa 300 ba. Ba su da gada, ba su da babbar kasuwa. Abin da suke da shi shi ne kwale-kwale da jakuna da mashigin kogi guda ɗaya.

Amma garin ya taɓa cika ya batse. Shekaru fiye da 100 da suka wuce ana haƙar azurfa da dalma a duwatsun da ke bayansa. Da haƙar ta tsaya, mutane suka watse. Daga baya garin ya farfaɗo, ya sake durƙushewa, ya kuma sake tashi. Mai karatu zai ga cewa tun kafuwar garin har yau, abincin mutanensa daga tsallaken kogi yake zuwa. In mashigi na buɗe, gari na da rai. In aka rufe, sai gari ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Cikakken sunan garin shi ne Boquillas del Carmen. Haka ake rubuta shi da Sifaniyanci, harshen mutanen Meksiko, amma a baki Bokiyas ake cewa. Ma'anar kalmar ita ce ƙananan bakuna.

Inda Garin Yake

Kogin da garin yake bakinsa yana da suna biyu. Amurkawa suna kiransa Riyo Girande, watau babban kogi. Mutanen Meksiko kuwa Riyo Birabo suke ce masa, watau kogi mai fushi. Ya taso ne daga duwatsun jihar Kolarado ta Amurka, ya yi tafiyar kusan kilomita 3,000 kafin ya faɗa teku. A cikin wannan tafiya, kimanin kilomita 2,000 shi ne iyaka tsakanin jihar Teksas ta Amurka da ƙasar Meksiko.

A wani wuri kogin ya yi babbar kwana. Yana cikin gangarawa kudu maso gabas, sai ya juya ya nufi arewa maso gabas. Saboda haka Amurkawa suke kiran yankin Big Bend, watau babbar kwana. Bokiyas yana gefen gabas na wannan kwana, a kan wani ɗan tudu. Daga bakin ruwa zuwa cikin gari tafiyar kamar minti 20 ce a ƙafa.

Ƙasar wurin hamada ce, ana kiranta hamadar Ciwawa. Ba hamadar rairayi ba ce zalla. Tsakuwa ce da duwatsu da gajerun itatuwa masu ƙaya. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 250 ba. Wannan ruwa ba ya isa a yi noman damina. Yawancinsa yana sauka ne tsakanin watan Yuli da Satumba, da tsawa da iska. Yakan zubo da ƙarfi lokaci guda, ya bi kwaruruka ya wuce, ƙasa ba ta sha ba.

Zafi kuwa ba a magana. Daga watan Mayu zuwa Agusta ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40. A watan Yuni na 2023 ya kai digiri 48 a tsallaken kogin, kusa da garin. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ake samun sauƙi. A lokacin rana ba ta da zafi, dare kuma yana da sanyi sosai.

A bayan garin akwai jerin duwatsu da ake kira Siyera del Karmen. Sun miƙe tsaye kamar katangar birni. Da yamma, in rana za ta faɗi, sai su yi ja wur. Can kudu wasu daga cikinsu sun haura mita 2,500 a tsawo. A samansu akwai sanyi da kurmi mai dogayen itatuwa, alhali a gindinsu hamada ce. Gabas da garin kaɗan kogin ya huda waɗannan duwatsu, ya yi wani kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita 30. A wasu wurare bangon kwazazzabon ya fi mita 300 daga ruwa zuwa sama.

Akwai wani abin mamaki game da ruwan kogin. Yawancin ruwan da ya taso daga Kolarado ba ya isowa nan. Madatsun ruwa da gonakin rani da birane suna shanye shi a hanya. Ruwan da ke wucewa ta Bokiyas, mafi yawansa daga wani kogin Meksiko ne mai suna Koncos, sai kuma maɓuɓɓugan da ke kusa. Wasu daga cikin maɓuɓɓugan nan ruwan zafi suke fitarwa, mai kai digiri 40, mutane suna shiga wanka. A yawancin watanni ruwan mashigin bai wuce gwiwa ko cinya ba. A 2022 ma kogin ya ƙafe ƙurmus a wasu wurare yamma da garin. Amma a watan Satumba na 2008 ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da hanyoyi a gaɓa biyu. Ka ji dalilin da ya sa ake ce masa mai fushi.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne nisan garin da sauran ƙasarsa. Babban gari mafi kusa a Meksiko shi ne Muskis. Tsakaninsu ya fi kilomita 200, wani ɓangaren hanyar kuma burji ne. Mota takan yi awa huɗu ko fiye kafin ta kai. A tsallaken kogi kuwa, cikin Amurka, akwai kanti da titin kwalta a 'yan kilomita kaɗan. Watau ga mutumin Bokiyas, ƙasar waje ta fi ƙasarsa kusa.

Yadda Kogi Ya Zama Iyaka

Tun kafin zuwan Turawa akwai mutane a wannan yanki. 'Yan asalin ƙasar ne, suna farauta, suna tsince-tsincen 'ya'yan itatuwa. Daga baya wasu ƙabilu biyu masu yaƙi suka mamaye wurin, Afaci da Komanci. Komanci mahaya dawaki ne. Sukan tsallaka kogin su kai hari cikin Meksiko, su koro dawaki da shanu su koma arewa.

Turawan Sifen sun mallaki Meksiko kusan shekara 300. A shekarun 1770 suka gina wani sansanin soja a San Bisente, yamma da inda Bokiyas yake a yau, don su tare mahara. Ba a daɗe ba suka bar shi, domin wurin ya yi nisa, kai abinci da makamai ya yi wuya.

Meksiko ta sami 'yancin kai a 1821. A lokacin duk gaɓa biyu na kogin nata ne, har da Teksas. A 1836 Teksas ta ɓalle, a 1845 ta shiga cikin Amurka. Wannan ya jawo yaƙi tsakanin ƙasashen biyu daga 1846 zuwa 1848. Amurka ta ci yaƙin. A yarjejeniyar da aka yi a 1848 aka ce tsakiyar kogin ita ce iyaka. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa babu shinge, babu jami'i, babu mai tambayar wani takarda. Makiyaya da 'yan fatauci suka ci gaba da tsallakawa yadda suka saba.

Zamanin Azurfa Da Dalma

Abu biyu ne suka haifi Bokiyas. Na farko jirgin ƙasa. A 1882 layin dogo ya ratsa yammacin Teksas, aka yi tasha a wani gari mai suna Maraton, arewa da kogin. Na biyu kuma ma'adinai. A ƙarshen ƙarni na 19 aka gano cewa duwatsun Siyera del Karmen suna ɗauke da azurfa da dalma da tutiya. Tutiya ita ce wadda ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa.

Ma'adini a cikin dutse ba shi da amfani sai an kai shi inda za a narkar da shi. A ɓangaren Meksiko babu hanya, babu jirgi kusa. Saboda haka tun farko kayan arewa suka nufa, suka tsallaka kogi. A shekarun 1890 wani kamfanin Amurka na birnin Kansas ya shiga harkar. Leburori suka yi ta zuwa daga cikin Meksiko da iyalansu. Suka gina ɗakunan tubali a bakin kogi, gari ya kafu. A lokacin da harka ta bunƙasa mutanen garin sun kai 1,000 ko fiye. A tsallake, cikin Teksas, wani ƙaramin gari ya tashi, shi ma sunansa Bokiyas, yana da kanti da gidan waya.

Ramin haƙar da ya fi suna shi ne wanda ake kira Fuwato Riko. Wahalar ita ce fitar da kaya daga can. Ƙasar duk hawa da gangara ce, ga kogi a tsakani. To, wajen 1910 sai aka yi wata dabara. Aka kakkafa dogayen turakun katako a jere, daga gefen Meksiko, aka tsallaka kogi, aka bi ta kan duwatsu har cikin Teksas. Aka ɗaura igiyar ƙarfe mai kauri a kansu. Tsawon igiyar ya kai kusan kilomita 10. A jikinta aka rataya manyan bokitan ƙarfe guda 90. Igiyar tana juyawa, bokitai masu kaya suna tafiya arewa, waɗanda aka juye suna dawowa kudu. A awa ɗaya ana iya tsallakar da tan 7 na dutsen ma'adini.

Inda igiyar ta ƙare ba nan wahala ta ƙare ba. Daga nan sai a loda dutsen a manyan amalanke, alfadarai su ja. Tafiyar ta fi kilomita 120 kafin a kai tashar Maraton. Kwanaki ake yi a hanya, cikin rana da ƙura, ruwan sha kuma sai an kai rijiya ko maɓuɓɓuga. A Maraton ne ake zuba shi a jirgi, a kai shi masana'antar narkarwa.

A lura da yadda rabon ya kasance. Dutsen na Meksiko ne, masu haƙa yawancinsu 'yan Meksiko ne. Amma jirgi da masana'anta da kasuwa duk suna Amurka, riba ma can take tafiya. Abin da ke zama a Bokiyas shi ne ladan lebura. Ba a yi wa garin titi ba, ba a kawo masa wata sana'a da za ta tsaya da ƙafarta ba. Wannan bai dami kowa ba muddin bokitai suna tafiya.

Yaƙi Da Faɗuwar Kasuwa

A 1910 juyin juya hali ya ɓarke a Meksiko. Jama'a suka tashi a kan shugaba Forfiriyo Diyas, wanda ya yi kusan shekara 30 yana mulki. Aka kore shi, amma faɗa bai tsaya ba sai bayan kamar shekara 10. Arewacin ƙasar ya cika da 'yan bindiga, wasu sojojin juyi, wasu kuwa ɓarayi ne kawai.

A daren 5 ga Mayu 1916 wasu mahara daga Meksiko suka tsallaka kogi. Suka far wa wani ƙauye mai suna Gilen Sifirin a Teksas, inda sojojin Amurka 9 suke gadi. Suka kashe soja 3 da yaro ƙarami guda. Wasu daga cikinsu suka nufi Bokiyas ta Teksas, suka wawashe kantin garin, suka tafi da mai kantin da mai taimaka masa. Sojojin Amurka suka bi sawu, suka kutsa cikin Meksiko, suka ƙwato mutanen biyu da ransu. Bayan wannan aka ƙara yawan soja a bakin kogi, mutane da yawa kuma suka tsorata suka ƙaura.

Duk da haka ba bindiga ce ta kashe haƙar ba, kasuwa ce. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ana neman dalma da tutiya ruwa a jallo don yin harsasai da kayan yaƙi. Da yaƙi ya ƙare farashi ya faɗi. Kuɗin ɗaukar dutse a amalanke har Maraton ya fi abin da za a samu. A 1919 aka tsayar da aiki. Bokitai suka tsaya cak a kan igiya. Leburori suka ɗaure kayansu suka tafi neman aiki wani wuri. Har yau masu yawo a duwatsun Teksas suna ganin turakun a kwance, da igiya mai tsatsa, da bokitai a yashe.

Waɗanda Suka Rage

Iyalai kaɗan ne suka zauna. Suka koma kiwon awaki da ɗan noma a fadamar bakin kogi. Sai kuma wata sana'a ta hamada, watau dafa kandeliya.

Kandeliya wani tsiro ne dangin aguwa da tinya. Yana fitowa a dunƙule, sanduna sirara kamar fensir, kusan babu ganye. Jikinsa yana da wani kaki da ke hana ruwa fita daga cikinsa. Masu sana'ar sukan tumɓuke shi, su ɗaure dami-dami, su ɗora wa jakuna zuwa bakin ruwa. A can sai a zuba shi a babbar tukunyar ƙarfe, a tafasa da ruwa, a ƙara ruwan batir. Kakin sai ya taso sama kamar kumfa, a kwashe, a bar shi ya daskare. Da shi ake yin man goge takalmi da cingam da jan-baki. Aikin wahala ne ƙwarai. Kilo 100 na tsiron ba ya ba da kaki fiye da kilo 2 ko 3.

Gwamnatin Meksiko ta riƙe cinikin kakin a hannunta, ta ƙayyade yawan da za ta saya. Saboda haka wasu sukan loda wa jakuna da dare su tsallaka kogi su sayar wa 'yan kasuwar Teksas. A nan ma kasuwa tana tsallake.

Daga baya an sake haƙar wani dutse a yankin, mai suna fulospa, wanda ake amfani da shi wajen narkar da ƙarfe. Saboda shi aka gina gada a La Linda, can gabas da Bokiyas, a 1964. Shi ma ya yi zamaninsa ya wuce, aka rufe gadar a 1997.

Baƙi Sun Maye Gurbin Ma'adinai

A ranar 12 ga Yuni 1944 gwamnatin Amurka ta mai da ɓangarenta na babbar kwana gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 3,000. Aka sallami masu kiwo da manoma, aka hana farauta da saran itace. Bokiyas ta Teksas ta ɓace, wurinta ya zama masaukin baƙi. A wannan shekara shugaban Amurka Rusbelt ya rubuta wa shugaban Meksiko Abila Kamaco wasiƙa. Ya ce yana fata a yi gandu ɗaya da zai haɗa gaɓa biyu. Ba a yi hakan ba. Sai a 1994 Meksiko ta keɓe duwatsun Karmen a matsayin wurin da doka ta kare.

Da aka yi tituna a gandun, masu yawon buɗe ido suka fara zuwa. Da yawansu suna so su ce sun taka ƙasar Meksiko. Mutanen Bokiyas suka ga hanyar abinci. Wani ya kawo kwale-kwale yana fito. Wasu suka kawo jakuna da dawaki suna kai baƙi cikin gari. Mata suka buɗe wuraren sayar da abinci. Abincin da aka fi saya shi ne tako, watau 'yar gurasar masara da ake naɗe nama ko wake a ciki. Yara suna tallar duwatsu masu ƙyalli.

Su ma mutanen garin suna tsallakawa. A kantin gandun suke sayen gari da mai da sukari. A can suke buga waya, a can wasu suke karɓar wasiƙa. Babu ofishin kwastan, babu mai duba fasfo. Hukumomin ƙasashen biyu sun san da haka, suka kau da kai shekara da shekaru. Kafin 2002 mutanen garin sun kai kimanin 300.

Akwai ma wata alaƙa da ta fi ciniki. A 1990 hukumar gandun ta fara ɗaukar maza daga Bokiyas da ƙauyukan kusa don kashe gobarar daji. Dalili kuwa garuruwan Amurka suna da nisa, kafin 'yan kwana-kwana su iso wuta ta yi ɓarna. Ana kiran wannan ƙungiya Los Diyabulos, watau shaiɗanu. Sunan ba daɗin ji, amma yabo ne, saboda yadda suke aiki ba ji ba gani a gaban wuta. Har wasu jihohin Amurka ake kai su in gobara ta yi tsanani.

Da Aka Rufe Mashigi

A ranar 11 ga Satumba 2001 aka kai hari da jiragen sama a biranen Niyok da Washintan. Mutane kusan 3,000 suka mutu. Niyok tana da nisan dubban kilomita daga Bokiyas, kuma babu ɗaya daga cikin maharan da ya shiga ta wannan kogi. Duk da haka gwamnatin Amurka ta yanke shawarar toshe duk wata kafa da babu jami'ai a kanta. A watan Mayu na 2002 aka rufe mashigin Bokiyas. Aka kafa alluna cewa wanda ya tsallaka zai iya biyan tarar dala 5,000 ko ɗaurin shekara guda.

Dare ɗaya kasuwar garin ta mutu. Mai fito ya ja kwale-kwalensa gefe. Masu abinci suka rufe ƙofa. Wanda yake son gari ko magani, maimakon ya tsallaka kogi ya dawo kafin azahar, sai ya nemi mota zuwa Muskis. Wanda yake da ɗan'uwa a tsallake, yana iya hango shi da ido, amma in zai je wurinsa bisa doka sai ya yi zagayen ɗaruruwan kilomita ta wata gada, tafiyar yini guda cur.

Mutane suka fara tashi. Matasa ne suka fara, sai masu iyali. A 2006 iyalai 19 kawai suka rage, mutum bai kai 100 ba. Gidaje suka zama kufai.

Waɗanda suka ƙi tashi suka nemi dabara. Suna saƙa kunamu da tsuntsaye da waya mai launi, suna sassaƙa sandunan dogarawa. Da asuba sai su tsallaka a ɓoye, su jera kayan a kan dutse a hanyar baƙi, su ajiye gwangwani da takardar farashi, su koma. Baƙo ya ɗauki abin da yake so ya jefa kuɗi a gwangwani. Ciniki ne na amana, mai kaya yana can tsallake yana kallo. Doka ta hana, in jami'ai suka gani sukan kwashe. Akwai kuma wani dattijo, tsohon mai fito, da yakan tsaya a bakin kwazazzabo yana rera waƙa da ƙarfi. Muryarsa tana tsallaka kogi, baƙi suna saka masa kuɗi a gwangwanin da ya ajiye. 'Yan kashe gobara su kaɗai aka ci gaba da bari su shiga da izni na musamman, domin gandun ba ya iya yi sai da su. Haka aka zauna shekara 11.

An Sake Buɗewa

Ma'aikatan gandun da kansu suna cikin masu neman a buɗe. Hujjarsu ita ce kogi ɗaya ne, dabbobi da gobara da ambaliya ba su san iyaka ba, kula da su sai da haɗin kai. Wasu kuma suka ce garin da ke da mutane masu sana'a ya fi kufai tsaro, domin mutanen gari su ne suke fara ganin baƙuwar fuska. A 2010 shugaba Obama na Amurka da shugaba Kalderon na Meksiko suka amince su haɗa hannu wajen kula da yankin. A ranar 10 ga Afrilu 2013 aka buɗe mashigin bisa doka.

Ba a koma yadda ake da ba. An gina ɗan ofishi a gefen Amurka, kuma dole kowa ya nuna fasfo. Da aka buɗe, ba a ajiye jami'in kwastan a wurin ba. Sai aka kafa na'ura mai kyamara da wayar tarho. Matafiyi ya sa fasfonsa a na'urar, ya ɗauki waya ya yi magana da jami'in da ke zaune a birnin El Faso, ɗaruruwan kilomita daga nan. Mota ba ta tsallakawa, sai mutum a kwale-kwale, ko a ƙafa in ruwa ya ja baya. A shekarun farko kuɗin fito dala 5 ne, zuwa da dawowa.

Iyalan da suka tafi suka fara komowa. Aka gyara gidaje, aka shafa musu fenti shuɗi da rawaya da ja. A 2015 aka kafa wa garin tashar wutar lantarki mai aiki da hasken rana. Kafin nan garin bai taɓa samun wutar da ta game gidaje ba, sai fitila da 'yan ƙananan faifan sola. Da wuta ta zo aka sami firji, masu abinci suka iya ajiye nama da kayan sanyi. Garin yana da makaranta da ɗakin shan magani da coci.

Sai dai mabuɗin ƙofar har yanzu yana hannun wasu. A ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 'yan siyasar Amurka suka kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi, ofisoshin gwamnati suka tsaya, mashigin ya rufe na makonni, a daidai lokacin da baƙi suka fi yawa. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka sake rufewa. Wannan karon sai Nuwamba 2021 aka buɗe, bayan wata 20.

Ko a lokacin lafiya ba kullum ake buɗewa ba. Kwana huɗu ko biyar ne a mako, daga safe zuwa yamma. A ranakun da ake buɗewa, tun da hantsi masu jakuna suke jeruwa a bakin ruwa suna jiran kwale-kwale. Mata suna shimfiɗa ƙyallaye masu ado da kunamun waya a ƙofar gida. Da la'asar sai baƙi su gangaro da sauri, domin wanda ya makara aka kulle ofis, a Bokiyas zai kwana. A ranakun da ba a buɗewa kuwa, akan saki jakuna su yi kiwo a bakin kogi, maza su tafi duba awaki ko su nufi Muskis sayo kaya.